Tafin Hannun Laminu

Jikokina ne suka fama mini wannan tsohon miki. Jiya da yamma su huɗu suna zaune a falo, talabijin tana ta surutunta ita kaɗai, kowannensu ya duƙufa a kan wayarsa kamar kaza a kan ƙwai. Babu mai musu da wani, babu mai ce wa ɗan'uwansa ƙarya kake yi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, sai na ji kiɗan wani agogo a kunnena, kiɗan da na yi shekaru ban ji ba. A zamanin da nake da sauran ƙarfi, talabijin ɗaya ce take tara mutum goma sha, kuma ba a tashi daga gabanta sai an yi gardama. Ni kuwa a fagen gardama da zargi ban taɓa zuwa na biyu ba. Ba yabon kai nake yi ba, ku bari ku ji inda abin ya kai ni.

Zargin nan gadonsa na yi. Babanmu manomin auduga ne, tun ina ƙarami nake bin jakinsa zuwa kasuwar awo. Har yau ina jin ƙarar sarƙar sikeli, da kukan jakuna, da ƙaiƙayin audugar da ke shiga hanci. Malamin awo yakan yi ta raha da manoma, ya tambayi wannan lafiyar iyali, ya tsokani wancan a kan girman tumbinsa, kowa na dariya. Baba shi kaɗai ba ya dariya. Yakan matse kafaɗata ya ce, "Kada ka kalli bakin mai awo. Kalli hannunsa." Wata rana kuwa ya kama wani ya tallafi ƙasan buhu da yatsa, aka yi ta hayaniya har rana ta karya. Daga ranar maganar ta zauna mini daram. Da na girma na koyi aikin lantarki, sai na tarar sana'ar ma haka take so, domin wayar da aka rantse maka ta mutu, ita ce take kashe mutum. Na yi ta gwada komai kafin in taɓa, kuma ban taɓa ƙonewa ba.

Wannan sana'a ce ta kai ni Dubai, wani otal a Al Rigga, a daidai lokacin da jirgin ƙasan birnin ya fara aiki, mutane suna shiga don kallo kawai. Aikina talabijin na ɗakunan baƙi, da rimot ɗin da yara suka jefa a ruwa, da iyakwandishan da ya ƙi sanyi. Sunana ya ɓace, kowa Injiniya yake ce mini. A ƙarƙashin ginin, kusa da ɗakin wanki, akwai wani ɗan ɗaki da ma'aikata ke hutawa. Ƙamshin guga ba ya barinsa, injinan wanki suna gurnani a bayan bango, ga butar shayi da ba ta hucewa. Na kafa wata tsohuwar talabijin a can, na ja mata layin tashar da otal ke kamo wa baƙinsa Turawa. A nan ne duk yamma, bayan an tashi aikin rana, muke kallon wani wasan ƙwaƙwalwa na Ingila.

Wasan ba shi da hayaniya. Mutum biyu ne suke zama, mai gabatarwa a tsakiya, bayansu ga wani ƙaton agogo. Wani lokaci a ba su haruffa su haɗa kalma. Wani lokaci wata budurwa ta jera lambobi shida a allo, na'ura ta fitar da wata babbar lamba, a ce su tara, su ɗebe, su ninka, su raba, har su kai gare ta kafin agogon ya cinye rabin minti. Agogon yana tafiya da kiɗa, kiɗan yana ƙara sauri, sai ya tsaya ɗif. Mu da muka yi boko a Najeriya muna taɓa na kalmomi, amma na lambobi shi ne yake raba mu da girmanmu. Ni tun farko ban yarda da shirin ba. Mai gabatarwar da muka tarar sabo ne, mai saurin baki da fara'a, kuma na riga na san abin da fara'a take rufewa. Budurwar nan kuma, in masu gasa suka kasa, sai ta ɗauki alƙalami ta warware lissafin tana murmushi. Na ce wa jama'a akwai abin da aka saƙa mata a kunne. Bayan 'yan shekaru aka wayi gari da wani dattijo mai furfura a kujerar, mai magana a hankali. Kowa ya ce canji ne irin na aiki. Ni na ce ba a tashin mutum daga irin wannan kujera a banza.

"Injiniya, kai ko mala'ika ne ya sauko sai ka ce ya nuna maka bizarsa," in ji Anti Rifkatu. Ita ce shugabar masu gyaran ɗakuna, 'yar wajenmu ce, coci ɗaya muke zuwa, kuma ita kaɗai take iya gaya mini magana ta zauna lafiya.

Laminu ba ma'aikacinmu ba ne. Mutumin Damagaram ne, siriri, mai yawan shiru, yana aiki da wani kamfanin kago a unguwar Port Saeed ta bakin ruwa. Shi yake zuwa ya kwashe kayan 'yan kasuwarmu da suka sauka a otal, ya ɗaure, ya raka su har bakin kwantena. In ya gama, sai ya sauko wurinmu ya sha shayi. Turancin Ingila bai dame shi ba, bokonsa na Faransa ne, in ana na kalmomi ma yakan fita ya yi sallar magariba. Amma da zarar budurwar nan ta fara jera lambobi, sai ka ga ya gyara zama. Ya buɗe tafin hannunsa na hagu a kan cinya, ya sunkuya a kansa, yatsan dama yana motsi a ciki. Kafin agogo ya kai rabi, sai ya ɗaga hannun sama wajen talabijin, ya dunƙule shi, ya faɗi yadda za a bi. Ninka wannan da wancan, cire wannan, ƙara wancan. Kuma haka ɗin ne. Sau da yawa Turawan da ke cikin akwatin suna kasawa, shi ya riga ya koma kan shayinsa.

Ɗaki ya ɗauki Laminu kamar sarki. Masu wanki 'yan Indiya da 'yan Filifin suna barin guga su leƙo, ana cewa, "Yalla Laminu, yalla." Ni ma na tafa masa sau ɗaya ko biyu. Rannan na tambaye shi inda ya koyi wannan abu.

"Bon, Injiniya, ai wasan nan namu ne," ya ce. "Na Faransa ne. Tun muna lakwal, makarantar boko ke nan, muka san shi."

Na yi dariya har na ƙware. Wasan Ingila, da Turancin Ingila, da agogon Ingila, wai na Faransa ne. Daga wannan magana na fara ƙin yarda da shi, domin a ganina wanda zai yi maka ƙarya a kan abin da babu riba, kada ka jira ranar da riba za ta shigo. Sai na koma ga karatun Baba. Na daina kallon talabijin, na koma kallon hannu. Me ya sa sai ya duba tafinsa kafin ya yi magana? Me ya sa yake dunƙulewa da zarar ya gama? Na bincika ta wajen aikina, na gano cewa abin da muke kallo ba na ranar ba ne, yakan kwana a Ingila kafin ya iso gare mu. Ga shagunan intanet birjik a unguwar Deira da muke. Lissafina ya fita sarai: yana zuwa ya kalla tun da safe, ya rubuta a hannu, ya zo da yamma ya ci mu da buguzum.

Abin da ya rage shi ne in ga tafin da idona, a nan kuma tarbiyya ta tsaya mini a gaba. Hannun hagu ne. Mutumin kirki ba ya miƙa maka hagu, ba ya karɓa da hagu, ba ya gaisawa da hagu. Na miƙa masa shayi, ya karɓa da dama. Na miƙa masa kofi biyu a lokaci guda, ya karɓi ɗaya ya ajiye, ya dawo ya karɓi ɗayan. Na zauna ta hagunsa, sai ya matsa don ya ba ni wuri. Ni kuma ba zan iya kama hannun babban mutum in buɗe ba. Haka muka yi kusan shekara uku, muna cin abinci a kwano ɗaya, ya taɓa kwana biyu yana jinyata lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni, amma duk yamma idona yana kan hagunsa.

A hawa na huɗu akwai wata tsohuwa Baturiya da take zama da mu duk lokacin sanyi, ɗanta yana aiki a birnin. Ta zo da kwali cike da kaset na bidiyo, ta roƙe ni in nemo mata na'urar da za ta kunna su, na tono wata a sito na haɗa mata. Ashe duk wasan nan ne, mijinta marigayi ya ɗauka shekaru aru-aru. A bakinta na ji tarihin shirin. Ta ce mai gabatarwa na farko, wani mai kumatu da son nakatai masu launi, ya daɗe a kujerar har mutane suka ɗauke shi kamar ɗan gida, kuma yana kan aikin ajali ya same shi. Ta ce ranar da aka sanar, ita da mijinta ba su iya shan shayin yamma ba. Bayansa wasu sun zo sun wuce, kowa da salonsa, ita ma matar da ta fara riƙe allon lambobi ta yi zamaninta ta tafi, agogon ne kawai bai canza ba. Tana magana idonta yana kawo ruwa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da nake gani a kwalin nan tarko ne.

Na ari kaset ɗaya, wanda ya fi kowanne tsufa. Da yamma na ce wa jama'a layin tasha ya lalace, amma ga wani abu mu rage zafi. Hoto ya fito dishi-dishi, ga mai kumatu da nakatai ɗinsa, ana ta dariyar irin askin mutanen da. Laminu ya gyara zama. Ya buɗe hagu, yatsa ya motsa, hannu ya tashi. Bai kuskure ko ɗaya ba. Har akwai wanda matar allon ta ce sai ta ƙara tunani, shi ya riga ya faɗa.

Anti Rifkatu ta dube ni ta gefen ido, domin ta gane abin da na shirya. "To, Injiniya, khalas ko? Magana ta ƙare?"

Da mutum ne mai hankali, da a nan ya tsaya. Amma zargi ba ya ƙoshi. Kafin in kai ɗakin kwanana na riga na samo masa hanya. Wa yake gyara ɗakin tsohuwar? Yaran Anti Rifkatu. Wa ya ga kaset ɗin da na ɗauka? Su. Tsofaffin shirye-shiryen ma ai ana iya samun su a intanet. Maimakon in wanke mutum ɗaya, sai na ƙara mutum biyu a cikin zargin.

Ba a yi wata biyu ba kamfanin su Laminu ya rufe. A ƙasar nan bizarka a hannun mai aikinka take, in aiki ya mutu, kwanakin da za a ba ka ƙididdigaggu ne, ko ka sami wani ya ɗauke ka, ko ka tattara. Laminu yana da mata da 'ya'ya huɗu a gida, babbar tana shirin shiga makarantar koyon jinya. Sai ga shi a daidai lokacin mai kula da siton sashenmu ya koma ƙasarsu. Aiki ne na riƙe makulli da sanin inda kowace waya da kowane ƙwan fitila yake. Anti Rifkatu ta kai sunan Laminu wurin ogan sashenmu, wani Ba'indiye mai sanƙo wanda ba ya son dogon zance. Da safe ya kira ni ofishinsa.

"Habibi, kai ka fi kowa sanin mutumin nan," ya ce. "Makullin sito zan ba shi. In ka ce i, gobe a fara masa takardu. Mutumin amana ne?"

Ina iya tuna ƙarar fankar da ke kan teburinsa. Kalma ɗaya ake nema a bakina. Na tuna jinyar da ya yi mini, na tuna kwanon da muke ci tare, sannan na tuna hannun nan da yake dunƙulewa.

"Wayo gare shi sosai, Oga," na ce. "Ni dai ba zan sa kaina a ciki ba."

Ya dube ni, ya ce, "Khalas," ya ja wata takarda. Na fito ina jin na yi abin da Baba zai yi.

Kwana uku bayan haka na hau mayar wa tsohuwa kaset ɗinta, don tana haɗa kaya za ta koma. Ta tambaye ni ko abokaina sun ji daɗinsa. Na ce sun ji, har akwai wani mutumin Nijar da yake cika baki wai wasan na Faransa ne. Ta ce, "Ai gaskiyarsa. Daga can aka aro shi. Mijina ba ya son a tuna masa, amma haka ne." Ta ci gaba da naɗe rigunanta. Ban jira lif ba, na sauka ta matakala har ofishin Oga, na ce ina so in gyara maganata. Ya ce an riga an ba wani, takardunsa ma sun tafi.

Anti Rifkatu ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba. Ban san ko ita ta gaya wa Laminu ba, ban kuma tambaya ba. Shi dai bai sake saukowa ɗakin hutu ba. Ana kunna wasan, agogo ya yi kiɗansa ya tsaya, babu mai magana.

Ranar da zai tafi ya aiko a ce mini yana Port Saeed, wurin da ake lodin jiragen katako, ya je sallama da abokan aikinsa. Na je da tsakar rana, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Na same shi zaune a kan wani kwali, da jaka ɗaya. Ya tashi ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi iyali. Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Injiniya, bari in ba ka labarin lakwal ɗinmu," ya ce. "Mushenmu, wato malaminmu, yana da wata al'ada. Duk safiya kowane yaro da ɗan allonsa a hagu, alli a dama. Zai faɗi lissafi sau ɗaya. Ya buga tebur, mu rubuta. Ya sake bugawa, mu ɗaga allo sama ya gani. Ya buga na uku, mu goge. Wanda ya makara ya sha rula. Ranar Asabar sai ya yi mana irin wasan nan, ya ce a telebijin ɗin Faransa ya gani. Shekara shida ina haka. Allon ya fashe tun tuni, amma hannun bai manta ba."

Sai ya ɗago hannun nan na hagu.

"Ka yafe mini hagu," ya ce. "Ban taɓa miƙa wa babba shi ba. Amma shekara uku kana so ka gani."

Ya buɗe tafin a gabana. Babu komai a ciki sai kanta irin ta igiyar ɗaurin kaya, da wani tsohon tabo a gindin babban yatsa. Bai janye ba sai da na duba da kyau.

"Da ka tambaye ni, da na nuna maka tun ranar farko."

Na ce masa na je wurin Oga na gyara magana amma na makara. Ya ce ya sani. Ya ce abincinsa ne ya ƙare a Dubai, in Allah ya so zai buɗe wata ƙofa, yarinyar kuma za ta jira shekara mai zuwa, inshallah. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sannan ya ba ni dama muka yi musabaha, ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar mota. Ban sake ganinsa ba. Lambar da ya bar mini ta yi aiki wata biyu ta daina, ban san ko yarinyar ta shiga makarantar ba.

Na ƙara 'yan shekaru a otal ɗin. Wayoyi masu allo suka yawaita, ɗakin hutu ya fara yin shiru, kowa ya shigo da shayinsa ya sunkuya a kan tafin hannunsa, har wata rana aka cire talabijin ɗin babu wanda ya tambaya. An ce mini wasan yana nan har yanzu, an sake masu gabatarwa, agogon yana ta kiɗansa. Ni ban ƙara kallo ba.

Jiya da na tsaya a kan jikokina, ƙaramar ta ɗago ta ce, "Kaka, me kake kallo?" Na ce babu komai, na wuce ɗaki. Baba ya koya mini in kalli hannun mai awo, kuma na gode masa, ya tsare ni daga abubuwa da yawa. Abin da bai gaya mini ba shi ne wata rana za a ɗora mutum a sikeli a ce ni in auna. Ranar da aka ɗora Laminu, ni ne mai awon, yatsana ne a ƙarƙashin buhu, kuma babu wanda yake kallon hannuna.